Na Sayar Da Injina Na Buɗe Wa 'Yata Asibitin Da Ba Ta Nema Ba

Ni kafinta ne, ɗan kafinta. A shekarun da abin da zan ba ku labari ya faru, ina da rumfa a Ƙofar Durbi cikin birnin Katsina, ina haɗa ƙofofi da gadaje da kujerun makaranta. Ina kuma da injin goge katako, wanda duk layinmu ni kaɗai na mallaki irinsa, har sauran kafintoci sukan kawo katakonsu in goge musu su biya ni. Bokona a firamare ya tsaya, sai na allo da na yi gwargwadon hali. Ni mutum ne mai son tsari. A wurin aiki sai an auna, an yi alama, sannan a yanka, kuma wanda ya tsallake ɗaya daga ciki ba ya daɗewa a rumfata. A gida ma haka nake: in na yi magana ba na maimaitawa, ba a kuma mayar mini. Na rubuto wa wannan mujalla ne saboda na san akwai iyaye irina da yawa, masu zafin nema da ƙarancin sani, waɗanda 'ya'yansu ke jami'a yanzu suna karanta abin da iyayen ba su san kansa ba. Ina roƙon mai gyara ya bar labarin a jere yadda na kawo shi, domin haka ya faru.

'Yata ta fari ita ce mai ƙwaƙwalwa a gidan. Da ta gama sakandare ta nemi karatun likita, amma gurbin bai samu ba, sai jami'a ta ba ta wani fanni da ake kira Fisiyoloji. Ta yi mini bayani cewa ilimi ne na sanin yadda sassan jikin ɗan Adam ke aiki: yadda zuciya ke harba jini, yadda ƙoda ke tace shi, yadda numfashi ke shiga ya fita. Tambaya biyu na yi mata. Na ce a ina ake karatun, ta ce a tsangayar da masu karatun likita suke, wasu darussan ma tare ake yi. Na ce ana sa farar riga, ta ce ana sawa in za a shiga ɗakin gwaji. Na ce to ta karɓa, ai duk hanya ɗaya ce, wani ya bi ta ƙofa wani ta taga. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ce na gama.

In ta dawo hutu takan zo da abin awon hawan jini da ta saya don koyo. Ta fara da mahaifiyarta, sai gwaggonta, sai tsofaffin unguwa suka riƙa shigowa suna miƙa hannu. Kafin ta kai aji uku babu mai kiranta da sunanta, sai likita. Ni kuma a majalisar da muke zama bayan La'asar aka sa mini Baban Likita, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi fiye da duk wani suna da aka taɓa kira na da shi. Ba sau ɗaya ba ta same ni a zaure ta durƙusa ta ce, Baba, mutanen nan su daina, ni ba likita ba ce, kuma karatun da nake yi ba ya mayar da mutum likita. Ni kuwa na ɗauka kunya ce da tawali'u irin na 'ya mace mai tarbiyya. Nakan ce ta tashi ta je, Allah ya yi mata albarka, wanda ya iya ba ya faɗa da bakinsa.

A sana'armu akwai al'adar da na gada. In yaro ya gama koyon aiki ba a sallamarsa hannu biyu. Ubangidansa zai haɗa masa zarto da guduma da abin awo, ya ƙera masa teburin aiki, in da hali ya kama masa rumfa, sannan a tara mutane a yi addu'a a ce an yaye shi. Duk yaran da suka bi ta hannuna haka na yi musu, ban taɓa fashi ba. To da 'yata ta gama digiri ta tafi bautar ƙasa a wata jiha mai nisa, sai na zauna na yi lissafi irin na kafinta. Na ce 'ya'yan wasu na yaye su da kayan aiki, tawa ta cikina kuwa sai ta dawo ta zauna tana jiran gwamnati? Akwai wani ɗaki da ke manne da rumfata, mai shi ya tashi. Na kama shi haya. Kuɗin haya da katako da fenti da sauran tarkace sun fi ƙarfin abin da ke hannuna, don karatun ya riga ya cinye ɗan abin da na tara. Saboda haka na sayar da injin goge katakon ga wani abokin sana'a da ya daɗe yana zawarcinsa. Maiɗakina ta ce, Malam, ka bari yarinyar ta dawo a ji ta bakinta mana. Na ce mata ba a shawara da wanda za a yaye, yi masa ake yi. A raina na ƙiyasta cewa cikin 'yan watanni asibitin zai dawo mini da injin, har da riba.

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar aikin ɗakin nan ba. Na fara da bencuna dogaye na masu jiran layi, na yi su da katako mai nauyi, na goge su da hannu tunda injin ya tafi. Daga nan na haɗa kantocin magani a jikin bango, sai tebur da kujerar likita, sai gadon duba marasa lafiya mai faɗi, da sandar labule a gefensa. A ƙarshe na sa mai fenti ya rubuta allo babba aka kafa a saman ƙofa, cewa nan wurin likitar mata da yara ne. Mutane suna wucewa suna sa albarka. Wasu mata har sun fara tambaya yaushe za a buɗe.

Ranar da ta dawo, ko kayanta ban bari ta kwance ba na ce ta biyo ni. Na buɗe ƙofar na tsaya gefe. Ta ɗaga kai ta karanta allon, ta shiga, ta shafa gadon da tafin hannunta kamar yadda ta ga ina yi in ina duba aiki, ta ce, Baba, wannan da hannu ka goge shi, ina injin? Na faɗa mata. Ta zauna a kan benci. Sannan ta yi mini bayanin da ta yi shekaru tana son yi. Ta ce likita da nas da mai haɗa magani da mai gwajin jini, kowannensu akwai hukumar da ke yi masa rajista ta ba shi lasisin taɓa mara lafiya, kuma digirinta ba ya cikin waɗanda ake ba wannan lasisi. Na ce yanzu duk shekarun nan da kika yi kina karanta zuciya da ƙoda, ciwon kai ma ba za ki iya ba da maganinsa ba? Ta ce, Baba, mai sayar da katako ya san kowane icce da yadda yake bushewa da inda yake tsagewa, amma kai ba za ka yarda ya hau ya yi wa mutane rufin ɗaki ba. Ta ce ita sanin jikin ta karanta, ba gyaransa ba, kuma in ta zauna a kujerar nan ta ba da magani, ranar da wani ya mutu ita da ni za a kama, kuma gaban Allah ma ba mu da abin faɗa.

Ban ji wannan magana a matsayin gaskiya ba, na ji ta a matsayin asara. A yammacin ranar na tara gidan, har da ƙanwarta da ke aji na ƙarshe a sakandare, wadda ita ma ta ci burin jami'a. Na ce tunda digiri takarda ce da ba ta iya sayen ko ƙusa, to babu wata 'ya tawa da za ta ƙara taka jami'a sai ranar da injina ya dawo rumfa da kuɗin wannan digirin. Ƙaramar ta fashe da kuka. Babbar ba ta yi kuka ba, ta dube ni kawai ta ce ta ji. Kowa a gidan ya san ba na janye magana, ni ma na san haka, kuma tun a daren na fara jin nauyin abin da na ɗora wa kaina.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci a rayuwata ta sana'a. Ni da ake kawo wa katako, na koma ina ɗora nawa a baro ina kaiwa rumfar wanda ya sayi injina, in bi layi, in biya. Mutumin ba mugu ba ne, amma yana da baki. In ya hango ni sai ya ce, Baban Likita, sannu da zuwa, injinka na gaishe ka, ya ce ya yi kewarka. A majalisa kuwa wani ya tambaye ni ko asibitin namu yajin aiki yake yi tun kafin a buɗe shi. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta kawo ɗanta da zazzaɓi mai zafi, ta ce a taimaka a yi masa allura, ga kuɗinta. Ina tsaye a bakin rumfa ina kallo, raina yana cewa ga mafari ya zo. 'Yata ta taɓa yaron, ta duba idonsa, ta ce wannan na asibiti ne, ta tare babur mai ƙafa uku ta raka su da kanta. Yaron ya warke, amma abin da uwar ta yaɗa a unguwa shi ne likitar gidan kafinta tsoron allura take yi. Bayan kwana kaɗan 'yata ta ɗauko tsani a rumfata, da rana tsaka, ta hau ta cire allon da ke saman ƙofar, ta jingine shi a bango fuskarsa na kallon ciki.

Ba ta zauna ba, wannan dole in faɗa. Ta kai takardunta asibitoci, ko'ina tambayar farko ita ce ina lasisi. Ta kai ma'aikatu aka ce ta jira. Ni kaina na cire girman kai na je GRA, unguwar manya, wurin wani Alhaji da na taɓa yi wa ƙofofin gida, ya karɓe ni da mutunci, ya juya takardar digirinta da na kai masa ya ce karatu ne mai kyau, amma irinsa sai an ɗora wani abu a kansa yake kawo kuɗi, ko digiri na biyu, ko wani horo. Na fito gidansa ina jin kamar an ce mini na sayi ƙofa ba tare da gida ba. A ƙarshe ta samu koyarwa a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, da albashin da ko kuɗin motarta da sabulu da ƙyar yake rufewa, kuma ba ya zuwa kan lokaci.

A nan ne jarrabawa ta gaske ta zo. Wani mai sayar da magani ya same ni a rumfa, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce ya ga ɗaki a rufe ga kantoci masu kyau. Shawararsa ita ce ya zuba magani, a mayar da allon, a sa takardar digirin 'yata a gilashi a rataye inda kowa zai gani. Ita ba sai ta yi komai ba, ta sa farar riga ta zauna kawai, shi zai riƙa ba da magani da allura a bayan labule, yana biyanmu duk wata. Ya ce mutanenmu ba sa karanta abin da ke cikin takarda, hatimin jami'a suke gani. Da na lissafa abin da ya ambata, na ga injina yana dawowa kafin shekara. Na ce masa ya ba ni zuwa Juma'a, amma a zuciyata na riga na amsa. Da na gaya wa 'yata, a karo na farko a rayuwarta ta ce mini a'a. Ta ce, Baba, ka yafe mini, ko duka za ka yi ka yi, amma takardar nan ba za ta zama labulen da za a ɓoye a cuci mutane ba. Ta ƙara da cewa ta taɓa ganin na mayar wa wani mutum kuɗinsa saboda ya ce in yi masa gado da katakon da gara ta ci in rufe da fenti, to wannan ma shi ne. Ban dake ta ba. Na kori mai maganin da kaina ranar Juma'ar, amma na daina yi mata magana. Kullum da safe takan durƙusa ta gaishe ni, in amsa da kalma ɗaya in wuce.

Mafita ta zo ta inda ban taɓa kallo ba. Akwai wata matar aure a bayan layinmu, mai 'ya'ya, da ke karatu a ɗaya daga cikin makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu da suka yawaita a gari. Darasin sanin jiki da yadda yake aiki ya kayar da ita, an ce in ta sake faɗuwa za a sallame ta. Akwai malamai maza da ke yin darasin ƙari da yamma, amma mijinta ya ce ba za ta je ta zauna gaban wani namiji a wani shago ba. Sai ta zo wurin 'yata. Cikin gida hayaniyar yara ta hana su, sai 'yata ta aiko mahaifiyarta ta roƙe ni mabuɗin ɗakin. Na bayar. Ina aiki a rumfa ina jiyo su ta bango. Na ji 'yata tana bayanin zuciya da Hausa tsantsa, tana cewa ɗakuna huɗu ne, kowane da ƙofarsa da ke buɗewa ta gefe ɗaya kawai, in ƙofar ta saki jini ya koma baya. Na tsayar da zarto na saurara. A duk shekarun da na yi ina biyan kuɗin karatun nan, ranar ce na fara jin abin da na saya.

Matar ta ci jarrabawa. Ba ta yi shiru ba kuwa, domin zangon da ya biyo baya ta zo da wasu, yawancinsu matan aure masu irin matsalarta. Kafin su fara, mazajensu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya ganin wuri. Abin da suka tarar shi ne mace ce malamar, ɗakin ƙofa ɗaya gare shi, kuma a bakin ƙofar akwai wani tsoho mai ɗaure fuska da guduma a hannu. Wani daga cikinsu ya faɗa mini a gaban idona cewa shi ba don malamar ya yarda ba, don ni ne, domin duk Ƙofar Durbi an san ko kaza ba ta shiga rumfata ba da izini ba. Halin nan nawa da ya kusa rusa gidana, shi ne ya zama jarin farko na makarantar.

Ni ne na fara karya shirun da ke tsakanina da 'yata, kuma da maganar aiki na karya shi. Na ga tana rubutu a jikin kwali tana ɗagawa, sai na shiga bayan sun tashi, na kwance gadon duba marasa lafiya, na ɗauki faffaɗan katakon samansa na shafe shi da baƙin fenti na kafa a bango. Da ta zo ta gani ta ce, Baba, gadon fa? Na ce ai ba shi da mara lafiya. Muka yi dariya tare, abin da muka daɗe ba mu yi ba. Sannan na tambaye ta nawa suke biya. Ta ce ba ta karɓar komai, ai maƙwabta ne, sai dai wata ta kawo mata turare ko sabulu. Na ce wannan kuma fannina ne, ta zauna ta koya. Na ce ni ma maƙwabta nake yi wa ƙofa, kuma ban taɓa kafa ta kyauta ba. Na tsara mata yadda muke yi: a faɗi kuɗin aiki tun farko a gaban miji, a ba da rabi kafin alƙalami, a cika sauran kafin jarrabawa, wadda ba ta da hali ta faɗa a asirce a sassauta mata. Na sa lokaci, daga bayan La'asar zuwa kafin Magariba, wadda ta makara ta jira gobe. Na hana kowane namiji wuce bakin ƙofa, har da mazajen. Na ƙera musu benci a waje inda za su jira matansu, kuma daga zaman jiran nan na samu aikin gadaje da kujeru da ban nema ba.

Kafin shekara ta zagayo bencunan da na yi wa marasa lafiya sun cika da masu littafi, har na ƙara wasu. Kantocin magani suka zama na littattafai da zanen sassan jiki. Aka raba ɗaliban kashi biyu, na ranakun mako da na Asabar da Lahadi. Daga nan shugabar ɗaya daga cikin makarantun ta lura cewa ɗalibanta da suka saba faɗuwa a darasin nan sun fara wucewa, ta bincika, ta aiko a kira 'yata. Suka ɗauke ta koyarwa da safe, da albashin da ya ninka na sakandaren da ta bari, suka kuma ce in tana son matsayi mai ɗorewa ta yi digiri na biyu. Ta nema, ta samu, kuma da kuɗinta ta biya, ban sa ko sisi ba.

Wata ranar Asabar da hantsi ina cikin rumfa na ji mota ta tsaya. Na fito na ga a-kori-kura, a bayanta an ɗaure inji da igiya, 'yata na zaune a gaba kusa da ƙanwarta. Ba nawa na da ba ne. Ta je wurin mutumin da ya sayi nawa ya ce ba zai sayar ba, ya saba da shi, sai ta sa aka nemo mata wani wanda ya fi shi ƙarfi. Kafintocin layin suka taru aka sauke shi. Shi kansa mai bakin nan ya zo, ya zagaya injin ya ce, to Baban Likita, yanzu kuma mu ne za mu riƙa zuwa gaisuwa. Na ce masa ya gyara, Baban Malama ake cewa, kuma in zai zo ya zo da kuɗinsa ya bi layi. Da mutane suka watse, 'yata ta durƙusa a gabana a cikin garin katako, ta ce, Baba, ga inji ya dawo, kuma kowace naira da ke cikinsa daga digirin nan ta fito, saura alkawari. Na dubi ƙaramar, wadda ta yi shekara biyu a gida tana ɗinki tana jiran maganar da na yi cikin fushi. Na ce ta je ta nemi gurbi. Na juya na shiga duba injin, na daɗe ina duba shi fiye da yadda ake buƙata.

Shekarun nan biyu na ƙaramar su ne abin da har yau nake nadama, don ba ta yi laifin komai ba, kuma ba injin da zai dawo mata da su. Yanzu tana jami'a. Amma kafin ta cike takardar neman gurbi na zaunar da ita da yayarta, na yi tambayoyin da ya kamata in yi tun farko, kuma wannan karon na bari aka ba ni amsa har ƙarshe.

Ga abin da na koya, ga iyaye 'yan'uwana. Digirin Fisiyoloji ba takardar banza ba ce, kuma ba lasisin likita ba ce. Ranar da aka miƙa wa ɗanka ita, kada ka sa ran za ta fara kawo kuɗi washegari kamar yadda zarto ke yi a hannun wanda aka yaye. Katako ce mai kyau da ba a riga an ƙera komai da ita ba. Wani zai ɗora mata digiri na biyu ya koyar, wani zai ƙara horo ya shiga wani fannin lafiya, wani zai yi aiki da kamfanin magani, kuma duk wannan yana son lokaci da haƙuri da ɗan abin hannu. In ɗanka zai shiga, ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin farko: in ya gama me doka ta yarda ya yi, me ba ta yarda ba, kuma me zai ƙara a kai. Kada farar riga ta ruɗe ka, kada kuma sunan da unguwa ta sa maka ya shiga kanka. In yaronka ya ce maka Baba ba haka ba ne, ka ajiye abin da ke hannunka ka saurare shi, domin shi ne ya shiga ajin, ba kai ba. Kada ka rantse a kan makomar wani yaro saboda fushin da kake yi da wani. Kuma duk wanda ya zo maka da shawarar a rataye takardar ɗanka a bango don a sayar da abin da ba a iya ba, ka raka shi bakin titi tun kafin ya gama gaisuwa.

Allon nan da 'yata ta cire yana nan. Kwanakin baya na ɗauko shi, na sa shi a sabon injin na goge rubutun tas har farin katako ya fito. Na kai mata na ce ga shi, wannan karon ita za ta faɗi abin da za a rubuta, ni nawa kafawa ne.